BABI NA UKU: TASIRIN JARIDA DA REDIYO A KAN RAYUWAR HAUSAWA, 1939 ZUWA 1979

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar kafofin watsa labarai da ire-irensu. A wannan babi kuwa za a bi diddigin tarihin biyu daga cikinsu, wato jarida da rediyo, a ƙasar Hausa ta Nijeriya, tun daga shekara ta 1939 da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo har zuwa shekara ta 1979 da soja suka mayar da mulki ga farar hula. An zaɓi waɗannan shekaru arba'in ne saboda a cikinsu ne Bahaushe ya saba da karanta labari a takarda da kuma jin sa daga akwati.

Abin da babin yake ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, hukuma ce ta kafa waɗannan kafofi domin ta isar da saƙonta ga talakawa, amma babban tasirin da suka yi shi ne raba fada da matsayinta na ƙofa ɗaya tilo da labari yake bi kafin ya kai ga jama'a. Za a nuna yadda wannan sauyi ya shafi siyasa da harshe da addini da zaman mata, sannan a dubi irin ɓarnar da ya taimaka wajen haddasawa a shekara ta 1966.

3.1 Hanyoyin Yaɗa Labari Kafin Zuwan Jarida

Kafin zuwan Turawa Hausawa suna da hanyoyinsu na sadarwa. Idan sarki yana da umurni, sai magatakarda ya rubuta wasiƙa da Larabci, jakada ya kai wa hakimi, hakimi ya sanar da dagatai, su kuma su sanar da masu unguwanni. Daga nan sai mai shela ya shiga kasuwa ko ya zaga unguwa yana faɗa da babbar murya. Labarin ƙasashen nesa kuwa yana zuwa ne ta bakin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da Azbinawa masu ayarin gishiri, da alhazai waɗanda sukan shafe shekaru a hanyar Makka. Ta fuskar addini, malamai sukan tsara waƙoƙin wa'azi da ajami, ɗalibai su kwafa da hannu, almajirai da makafi su haddace su riƙa rerawa gida-gida.

Idan aka lura za a ga waɗannan hanyoyi sun yi tarayya a abubuwa biyu. Na farko, labari yana tafiya ne da saurin ƙafar mutum ko ta doki. Na biyu, mai jin labari ya san fuskar wanda ya kawo shi, saboda haka yakan auna maganar da darajar mai ita. Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a shekara ta 1903 ba su rushe wannan tsari ba. Sun ɗora mulkinsu ne a kansa ta hanyar En'e, ta yadda umurnin Razdan ma sai ya bi ta bakin sarki kafin talaka ya ji shi.

3.2 Kafuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo

Tushen aikin jarida da Hausar boko yana komawa ne ga Hukumar Fassara da aka kafa a shekara ta 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East. Wannan hukuma ce ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, gasar da ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta haka aka samu marubuta da kuma 'yan tsirarun masu karatu, galibinsu malaman makaranta da ma'aikatan En'e.

Dab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu sai jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus domin ta faranta wa Hitila rai. Hukuma ta ga cewa mai shela ba zai iya kashe irin wannan magana ba, domin ta riga ta shiga kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, aka naɗa Malam Abubakar Imam (1911 zuwa 1981) ya zama editanta. Sunan jaridar kansa ya nuna manufarta: kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma ana nufin abin da ke cikinta shi ne gaskiya, saɓanin ji-ta-ji-tar gari. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya ta koma mako-mako. A shekara ta 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya domin ya ɗauki nauyin buga ta da sauran littattafai.

Masu iya karatun boko a wancan lokaci kaɗan ne ƙwarai, amma yawan waɗanda jaridar ta kai gare su ya ninka yawan masu sayenta. Dalili kuwa shi ne, mutum ɗaya yakan karanta da ƙarfi a zaure ko a gindin bishiya ko a ɗakin karatu na En'e, jama'a suna saurare suna tofa albarkacin bakinsu. Salon Abubakar Imam ya dace da wannan hali, domin yana rubutu ne kamar mai hira, da karin magana da barkwanci da misalai daga rayuwar yau da kullum. Ke nan tun daga farko ta kunne jarida ta shiga wa Bahaushe, kuma wannan ya share wa rediyo hanya.

A lokacin yaƙin, jaridar ta riƙa kawo labarin fagen fama, musamman na Bama inda dubban sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan, da yawansu kuma masu jin Hausa ne. Manomin da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba sai ga shi yana ambaton Jamus da Rasha da Indiya, yana kuma danganta tsadar gishiri da kananzir da abin da ke faruwa a can.

3.3 Jarida da Farkawar Siyasa

Duk da cewa gwamnatin mulkin mallaka ce ta mallaki jaridar, filin wasiƙun masu karatu ya zama wani dandali da ba a taɓa samun irinsa ba. A al'adar fada, talaka ba ya kai ƙarar hakimi sai ta hannun wani babba, kuma yakan yi hakan ne a durƙushe. A shafin jarida kuwa malamin makaranta ko akawu yana iya rubuta kokensa game da cin hanci ko aikin tilas ko zaluncin masu karɓar haraji, wani lokaci da sunan aro, a karanta shi daga Sakkwato har Yola. Editan yakan tace kalaman, yakan kuma guji ambaton sarki da suna, amma duk da haka mutane sun fahimci cewa ana iya tattauna aikin hukuma a bainar jama'a.

A shekara ta 1943 Abubakar Imam ya shiga cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugga ya bayyana masa illolin da ke cikin tsarin En'e. Labarin wannan tafiya shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Matsayin da ya ɗauka, wato neman gyara a hankali ba tare da rushe sarauta ba, shi ne ya zama matsayin jaridar, kuma shi ne ra'ayin da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta ginu a kansa. Shi kansa Imam yana cikin waɗanda suka kafa ta a ƙarshen shekarun 1940, kafin ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951.

Masu ra'ayin sauyi na gaggawa, irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, sun ga cewa Gaskiya ba za ta ɗauki zafin maganarsu ba. Saboda haka suka karkata ga jaridun Azikiwe, musamman Daily Comet wadda ta koma Kano a 1949, ta kuma zama muryar jam'iyyar NEPU bayan kafuwarta ranar 8 ga Agusta, 1950. Daga wannan lokaci mai sauraro ya fara jin bayani biyu masu karo da juna a kan al'amari ɗaya, ya zama dole ya zaɓi wanda zai gaskata.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da shirin Yaƙi da Jahilci domin koya wa manya karatu da rubutu. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har zuwa 1959, ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, kamar Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya. A gefe guda kuma motocin majigi suna zaga garuruwa suna nuna finafinan tsabta da noma, irin su Baban Larai. Duk waɗannan sun ƙara yawan mutanen da suke karɓar saƙo kai tsaye ba ta bakin dagaci ba.

3.4 Zuwan Rediyo

Rediyo ya fara shigowa Nijeriya ne a shekarun 1930 a Ikko, ta hanyar akwatin da ake ja wa waya daga tasha, ana biyan kuɗin haya. A shekara ta 1944 aka buɗe irin wannan tasha a Kano. Mai akwatin ba shi da ikon sauya tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage. An kuma kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, kamar ƙofar fada da kasuwa, inda mutane kan taru da yamma su saurara. A 1951 aka kafa hukumar rediyo ta ƙasa, wadda ta zama NBC a 1957.

Rikicin siyasa na 1953 ya nuna wa shugabannin Arewa muhimmancin mallakar kafa tasu. A watan Maris na shekarar Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa, aka yi musu ihu a Ikko, jaridun can kuma suka yi musu ca. Abin da ya biyo baya shi ne tarzomar Kano ta watan Mayu. Tsarin mulki na 1954 ya ba jihohi damar kafa gidajen watsa labaransu. Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, ita kuma gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a watan Maris na 1962.

A daidai wannan lokaci ƙasashen waje ma suka fara neman kunnen Bahaushe. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri ranar 13 ga Maris, 1957, da shirin minti goma sha biyar wanda Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar. Muryar Jamus da Rediyon Sin suka bi sahu a 1963, Rediyon Masko ma ya buɗe nasa sashen, sannan Muryar Amurka ta fara a watan Janairu na 1979. Gasar Yaƙin Cacar Baka tsakanin ƙasashen Yamma da na gurguzu tana cikin abin da ya jawo wannan rububi.

Abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne fitowar ƙaramin akwati mai aiki da batir, wanda ba ya buƙatar waya ko lantarki. A shekarun 1960 manomi kan sayar da gyaɗa ko auduga ya sayi rediyo da keke, makiyayi ya rataya nasa a kafaɗa. Tun da Rediyon Kaduna yana watsa shirye-shiryensa a kan gajeren zango, ana kama shi a Maraɗi da Damagaram da zangunan Hausawa na Gana da Kamaru, abin da ya sa Hausawan da iyakokin Turawa suka raba suka riƙa jin labari ɗaya da waƙa ɗaya a lokaci ɗaya.

3.5 Tasiri a Kan Halaye da Ɗabi'u

Ana iya kasa wannan tasiri gida huɗu kamar haka:

(a) Harshe. Jaridar Gaskiya ta taimaka wajen zaunar da ƙa'idojin rubutun boko, har da amfani da haruffa masu lanƙwasa, aikin da Hukumar Harshen Hausa ta ci gaba da shi daga 1955. Daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da karin Kananci, ta jarida da rediyo ta shiga kunnen Basakkwace da Bakatsine da wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne. Haka kuma buƙatar fassara labaran duniya kullum ta sa kalmomi kamar jam'iyya da ƙuri'a da tsarin mulki da 'yancin kai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka zama na yau da kullum.

(b) Addini. A da, mai neman ilmi yakan durƙusa gaban malami a zaure, ya ɗauki karatu gwargwadon matsayinsa. Daga shekara ta 1967 Rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yake yi a Masallacin Sarkin Musulmi Bello da ke Kaduna. Ta wannan hanya sukar da yake yi wa wasu ayyukan ɗariƙu, wadda ya kuma riƙa rubutawa a Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta kai ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Muhawarar da a da malamai kaɗai ke yin ta da Larabci sai ta dawo bakin tela da direba da ɗan kasuwa da Hausa. Kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 tana da alaƙa da wannan shiri na shekaru. Malaman ɗariƙu ma sun gane ƙarfin kafar, shi ya sa daga baya aka riƙa watsa tafsirin Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi a wannan gida.

(c) Zaman mata. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa dandali ko majalisa, kuma da wuya jarida ta kai gare ta. Rediyo kuwa ya shiga har tsakar gida, tana daka ko tana saƙa tana sauraron labarai da tafsiri da bayanin kiwon lafiyar yara. Saboda haka lokacin da matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a, a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓe na 1979, sunayen jam'iyyu da na 'yan takara ba baƙi ba ne a wurinsu.

(d) Nishaɗi da wayar da kai. Shirin Zaɓi Sonka ya koya wa matasa rubuta wasiƙa da aika gaisuwa, har aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro waɗanda suka ƙulla zumunci tsakanin garuruwa. Makaɗan da a da sai a fada ko gidan biki ake jin su, kamar Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, sun zama na kowa. Wasannin kwaikwayo irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi sun yi amfani da raha wajen gyaran hali. Gwamnati kuma ta dogara ga rediyo wajen bayyana komawa tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu na 1972, da sauya kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a watan Janairu na 1973, da shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976.

3.6 Darasin Shekara ta 1966

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Babu lokacin da wannan karin magana ya tabbata a kan kafofin watsa labarai kamar shekara ta 1966. Ranar 15 ga Janairu, bayan an kashe Sardauna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabinsa ne ta Rediyon Kaduna, wato gidan da Sardaunan ya gina. Wannan ya nuna cewa duk wanda ya riƙe makirufo a wannan rana shi ne hukuma a kunnen jama'a.

Kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna da manyan hafsoshin Arewa, da Doka ta 34 ta ranar 24 ga Mayu wadda ta soke tsarin tarayya, su ne suka haifar da fushin da ya kai ga tarzomar ƙarshen watan Mayu da juyin mulkin 29 ga Yuli. Saboda haka ba daidai ba ne a ce kafofin watsa labarai ne suka ƙirƙiro rikicin. Amma a ƙarshen watan Satumba gidan rediyon Kwatano na ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, ya ba da labarin cewa ana kashe 'yan Arewa a Jihar Gabas. Rediyon Kaduna ya maimaita labarin, jaridar New Nigerian ma ta buga shi. Cikin 'yan kwanaki aka far wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa da dama, dubban mutane suka rasa rayukansu, ɗaruruwan dubbai suka gudu zuwa Gabas. Wannan na cikin manyan abubuwan da suka kai ƙasar ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Idan aka kwatanta wannan da tsarin da aka bayyana a 3.1 za a ga inda haɗarin yake. A da labari yakan ɗauki kwanaki a hanya, ya ratsa ta hannun dattawa waɗanda za su iya tace shi ko su kwantar da hankali kafin ya bazu. Rediyo ya kawar da wannan jinkiri, ya isar da magana ɗaya ga garuruwa masu yawa a sa'a ɗaya. Bugu da ƙari, amanar da mutane suke ba mai shelar sarki sun mayar da ita kacokan ga akwati, har ya zama cewa "a rediyo na ji" hujja ce da ba a musu da ita. Abin lura kuma shi ne, ta wannan kafa ɗin ce shugaban ƙasa Yakubu Gowon ya roƙi jama'ar Arewa su daina kisan.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda jarida da rediyo suka shigo ƙasar Hausa a matsayin kayan aikin hukuma, da yadda amfaninsu ya zarce abin da masu kafa su suka nufa. An nuna cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta buɗe wa talaka ƙofar yin magana a kan mulki, rediyo kuma ya kai wannan dama ga wanda bai iya karatu ba da matar da ke cikin gida. An kuma nuna cewa tasirin ya fi bi ta sauraro a cikin jama'a, inda ake ji tare a tattauna tare. Daga ƙarshe, abin da ya faru a 1966 ya tabbatar da cewa saurin isar da labari da yardar da mai sauraro ya ba kafa suna iya zama sanadin asarar rayuka idan ba a tantance labarin ba.

Zuwa shekara ta 1979 gwamnatin tarayya ta riga ta karɓe gidajen talabijin ƙarƙashin NTA, ta kuma mayar da Rediyon Kaduna wani reshe na FRCN. Babi na gaba zai dubi abin da ya biyo baya, wato kafa Kamfanin Triumph a Kano a 1980 da jaridunsa Albishir da Alfijir, da Doka ta 38 ta 1992 wadda ta ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da talabijin.